Lotte World

Lotte World wurin wasanni da shaƙatawa ne da ke unguwar Jamsil a gundumar Songpa ta birnin Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu. An buɗe shi ranar 12 ga Yuli, 1989, kuma mallakar rukunin kamfanonin Lotte ne. Wurin ya kasu kashi biyu. Na farko shi ne Adventure, wanda yake cikin gini ɗungurungum, a ƙarƙashin wani makeken rufi mai gilashi. Na biyu shi ne Magic Island, tsibirin da aka gina a kan tafkin Seokchon aka buɗe shi a watan Maris na 1990. Sashen cikin ginin ne ya fitar da sunan wurin a duniya, domin ya daɗe yana riƙe da kambin wurin wasanni na cikin gini mafi girma a kundin tarihi na Guinness, kafin a gina waɗanda suka fi shi faɗi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Ana buɗe Lotte World kowace rana ta shekara, har da ranakun hutu da bukukuwa. Tsakanin 2013 da 2016 yana karɓar baƙi fiye da miliyan 7 a shekara, abin da ya sa shi cikin jerin wuraren wasannin da aka fi ziyarta a nahiyar Asiya. Akasarin masu zuwa iyalai ne masu yara, da ɗaliban sakandare, da masu yawon buɗe ido.

Asali

Wanda ya kafa Lotte shi ne Shin Kyuk-ho, ɗan Koriya daga yankin Ulsan da ya je Japan neman ilimi da sana'a tun yana saurayi. A 1948 ya kafa kamfaninsa a Tokyo, ya fara da yin cingam. Ya ɗauko sunan kamfanin daga Charlotte, wadda ake kira Lotte, tauraruwar wani littafin ƙagaggen labari na marubucin Jamus Goethe. Bayan Koriya ta Kudu da Japan sun maido da hulɗar jakadanci a 1965, Shin ya buɗe kamfanin alewa da biskit a Seoul a 1967. Daga nan harkar ta bunƙasa zuwa otal-otal da manyan kantuna da masana'antu. Ya rasu a watan Janairun 2020.

Filin da aka gina wurin a kansa ma yana da nasa tarihin. A da Jamsil tsibiri ne a cikin kogin Han, kuma sunan yana nufin ɗakin kiwon tsutsar siliki, saboda an yi wannan sana'a a can a zamanin daular Joseon. A farkon shekarun 1970 aka cike reshen kogin da ke kudancin tsibirin da ƙasa, aka haɗe Jamsil da sauran gari. Ragowar ruwan da ba a cike ba shi ne ya zama tafkin Seokchon. Sabon filin ya samu daraja sosai da aka gina babban filin wasa a unguwar domin gasar wasannin Asiya ta 1986 da gasar Olamfik ta 1988. A wannan lokaci ne Lotte ya gina otal da babban kanti a Jamsil, waɗanda aka buɗe a 1988, sannan wurin wasannin ya biyo baya da shekara guda. Harabar gaba ɗaya ta kai kimanin murabba'in mita 128,000.

Dalilin rufin

Yanayin Seoul ba ya barin wurin wasanni na waje ya yi aiki yadda ya kamata duk shekara. A watan Janairu matsakaicin ma'aunin zafi yana ƙasa da sifili, wajen digiri 2 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, kuma akwai ranakun da sanyin ya fi haka nesa ba kusa ba. Daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli ana yin damina mai ƙarfi da Koriyawa ke kira jangma, kuma fiye da rabin ruwan saman da ke sauka a birnin a shekara yana zuba ne a watannin Yuli da Agusta. Agusta kuma wata ne na zafi da gumi. A watannin Maris da Afrilu iska kan kwaso ƙura daga hamadun Sin da Mongoliya ta rufe birnin, kamar yadda hazo ke rufe garuruwan Sahel da hunturu, har hukumomi su shawarci iyaye kada su bar yara su daɗe a waje.

Wurin wasanni na waje yana asarar kwanaki masu yawa a irin wannan yanayi, domin ana tsayar da na'urori idan ana ruwa ko iska ko ƙanƙara, kuma mutane ba sa fitowa. Albashin ma'aikata da kuɗin gyara kuwa ba sa tsayawa. Rufi shi ne maganin wannan. A cikin Adventure ana daidaita sanyi da ɗumi da na'ura, don haka iyalin da suka sa ranar zuwa tun wata guda da ya wuce ba su da fargabar hadari ya ɓata musu shiri. Babban abokin hamayyarsa, wato Everland na kamfanin Samsung da ke Yongin a kudu da Seoul, ya fi shi faɗi ƙwarai, amma a waje yake, kuma sai an yi tafiyar kusan awa guda daga tsakiyar birni. Lotte World kuwa a manne yake da tashar Jamsil ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda layi na 2 da na 8 suka haɗu. Mutum zai iya fitowa daga jirgi ya bi ta hanyar ƙarƙashin ƙasa har ƙofar shiga ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa shi ba.

Sai dai rufin yana da nasa tsada. Fili a cikin gini ƙididdigagge ne, tsayin na'ura ba zai wuce rufi ba, ƙara ba ta da inda za ta fita, kuma duk ranar da yanayi ya ɓaci jama'ar da da za su warwatsu a wurare daban-daban sai su taru a wuri ɗaya. Kusan duk abin da mai ziyara zai gani a Adventure, mai daɗi da marar daɗi, daga wannan ya samo asali.

Yadda aka tsara cikin ginin

Tunda babu halin faɗaɗawa, sai aka yi sama da ƙasa. Adventure yana da hawa huɗu da ke kewaye da wani babban fili a tsakiya, da wasu sassa a ƙarƙashin ƙasa. A can ƙasan tsakiyar akwai filin wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda ake hangowa daga kowane hawa. Shi wannan fili tikitinsa daban ne. Hasken rana yana shigowa ta gilashin rufin, shi ya sa da rana wurin ba ya kama da ɗaki rufaffe. An yi wa bangayen ado da siffofin gine-ginen ƙasashe daban-daban, na Turai da na Larabawa da na tsohuwar Masar, ta yadda kowane lungu zai yi kama da wata ƙasa.

Na'urorin wasa a saƙe suke cikin juna. Mafi shahara shi ne French Revolution, jirgin wasa mai gudu a kan dogo yana hawa da gangara, wanda kamfanin Vekoma na ƙasar Holan ya ƙera, kuma yana nan tun ranar buɗewa. Dogonsa yana ratsa bangaye da ramuka masu duhu, ya fito fili, ya yi da'ira guda inda fasinjoji ke juyewa kai ƙasa. Bai kai manyan jiragen wasa na waje tsayi ko gudu ba, amma kusancinsa da bango da ginshiƙai yana sa gudun ya yi kamar ya fi yadda yake. Wannan dabara ce da masu gina wuraren cikin gini suka daɗe da sani: abin da aka rasa ta tsayi, a rama shi ta ƙunci da duhu.

A hawa na farko akwai wani babban lilo mai siffar jirgin ruwan 'yan fashin teku, da kwale-kwalen da ke gangarowa cikin ruwa ya fantsama wa fasinja, da lilon dawaki mai zagayawa. Adventures of Sindbad tafiya ce a cikin kwale-kwale ta hanyar ruwa mai duhu a ƙarƙashin ginin, ana wuce mutum-mutumai masu motsi da ke nuna labarin Sindbad na tatsuniyoyin Dare Dubu da Ɗaya. Pharaoh's Fury, wanda aka ƙara a 2005, yana ɗaukar mutane a mota mai kama da jif ta cikin siffar kabarin Fir'auna. Can sama kuma akwai wasu kwanduna masu siffar balan-balan da ke rataye a dogon da aka liƙa a jikin rufi, suna zagaya ginin a hankali. Wannan shi ne abin da ya fi dacewa da kaka da jika su hau tare, kuma daga nan ne ake ganin tsarin wurin duka. Ana sauya na'urori lokaci zuwa lokaci, a rufe tsofaffi a kawo sababbi, domin babu inda za a sa sabo sai an cire wani.

A cikin harabar akwai gidan adana kayan tarihi da ke nuna rayuwar Koriyawa tun zamanin da, da ƙananan siffofin fadoji da kasuwanni da bukukuwan zamanin Joseon. Baƙi da yawa suna wuce shi ba su leƙa ba, alhali yana cikin wuraren da suka fi natsuwa a harabar.

Magic Island

Ana isa tsibirin ta wata gada daga Adventure, ko ta ƙaramin jirgi mai dogo ɗaya da ke zagaya sassan biyu. A tsakiyarsa akwai gini mai siffar fadar tatsuniya, wanda shi ne aka fi ɗaukar hoto a gabansa. Nan aka kai na'urorin da rufi ba zai iya ɗauka ba. Gyro Drop, wanda aka buɗe a 1998, hasumiya ce mai tsayin mita 70: kujeru suna hawa suna juyawa a hankali har ƙoli, sannan a sake su su faɗo. Atlantis Adventure, ƙirar kamfanin Intamin da aka buɗe a 2003, ana harba shi ne da ƙarfin maganaɗisu maimakon a ja shi sama da sarƙa, kuma gudunsa yana wuce kilomita 70 a awa. Mutum takwas kawai yake ɗauka a kowace tafiya, shi ya sa layinsa ya fi na kowa tsawo. Idan ana ruwa ko iska mai ƙarfi ko sanyi ya tsananta, ana tsayar da wasu daga cikin waɗannan, sai masu jiransu su koma cikin gini.

Ziyara da iyali

Tikitin yini guda yana ba mutum damar shiga da hawa mafi yawan na'urori sau nawa yake so. Farashin ya bambanta tsakanin manya da matasa da yara. A 2023 tikitin babba ya haura won 60,000, amma 'yan ƙasa kaɗan ne ke biyan cikakken kuɗin, saboda akwai rangwame ta katunan banki da kamfanonin waya, akwai kuma tikiti mai sauƙi ga wanda zai shiga bayan ƙarfe 4 na yamma.

Abin da ke tsara yinin iyali a irin wannan wuri ba shekarun yaro ba ne, tsayinsa ne. Kowace na'ura tana da ma'auni a bakin layi. Wasu suna neman santimita 110 ko 120, masu tsanani kuma 130 ko sama da haka, wasu kuma suna karɓar ƙaramin yaro idan babba zai zauna kusa da shi. Dalilin ƙa'idar shi ne an ƙera sandar da ke riƙe fasinja ne bisa wani girman jiki; idan jikin bai kai ba, sandar ba za ta matse shi yadda ya kamata ba. Saboda haka ma'aikata ba sa sassautawa ko da santimita ɗaya ne ya rage, kuma wasu na'urorin suna da iyakar tsayi ta sama. Iyayen da suka auna yaransu tun a gida suka duba jerin abin da kowane zai iya hawa suna kauce wa kukan da ke biyo bayan a juya yaro bayan ya daɗe a layi. Iyali mai yara masu bambancin shekaru yakan rabu biyu: manyan yara su nufi tsibiri, ƙanana su tsaya a ciki, a sa wuri da lokacin haɗuwa. Wannan yana da muhimmanci a Adventure fiye da a fili buɗaɗɗe, domin hawa-hawan suna kama da juna, matakalu suna da yawa, kuma ƙara kan hana a ji kiran waya.

Ana yin fareti a kan hanyar da ta zagaye tsakiyar ginin, yawanci sau biyu, da rana da kuma da dare, da motocin ado da 'yan rawa da Lotty da Lorry, wato dabbobin zane biyu da suke tambarin wurin. Iyalai kan zauna a ƙasa gefen hanya tun kafin lokaci. Lokacin faretin layukan na'urori kan ɗan ragu, abin da manyan yara suka sani sarai. Akwai ɗakin shayar da jarirai, da wurin hayar keken jarirai, da akwatunan ajiya. Akwatunan suna da amfani musamman da hunturu, tunda mutum yana shigowa da rigar sanyi mai nauyi ya tarar ciki da ɗumi, amma zai sake buƙatarta idan zai fita tsibiri.

An ware ɗakin salla a harabar saboda baƙi Musulmi, waɗanda yawancinsu ke zuwa daga Malesiya da Indunusiya da ƙasashen Larabawa. Naman alade yana da yawa a abincin Koriya, har a cikin romo da tsiran alade da ake sayarwa a rumfuna, don haka baƙi Musulmi kan tambaya kafin su saya.

Cunkoso da layi

Ranakun da aka fi cika su ne Asabar da Lahadi, da hutun makarantu na bazara da na hunturu, da 5 ga Mayu, wadda ita ce Ranar Yara a Koriya ta Kudu kuma ranar hutu ce a ƙasar. Haka nan bayan jarrabawar shiga jami'a ta ƙasa da ake yi a watan Nuwamba, lokacin da ake yi wa waɗanda suka zauna ta rangwame. A irin waɗannan ranaku jiran na'ura mai farin jini kan wuce awa biyu, alhali hawan kansa bai fi minti biyu ko uku ba. A watan Mayun 2022, bayan an sassauta dokokin annobar korona, jama'a sun yi yawa har aka dakatar da shigar sababbin baƙi na wani lokaci.

Wurin yana sayar da Magic Pass, tikitin ƙari da ke ba mutum damar bi ta gajeren layi. A 2023 wannan tsari ya jawo muhawara a kafafen sada zumunta na Koriya. Masu suka sun ce yana koya wa yaro tun yana ƙarami cewa mai kuɗi ba ya bin layi, kuma lokacin da mai tikitin ya saya an ɗebo shi ne daga na waɗanda ke tsaye. Masu kare shi sun ce bai bambanta da kujerar alfarma a jirgin sama ba, kuma yana taimakon iyalin da suka zo daga nesa da yini ɗaya kacal a hannunsu. Hujjar masu suka tana da ƙarfi ta fuska guda: adadin kujerun na'ura a awa ba ya ƙaruwa, saboda haka duk wanda aka shigar ta gajeren layi ya ƙara wa dogon layi jira. Manyan wuraren wasanni na Amurka da Japan ma suna da irin wannan tsari.

Haɗurra

Shekarar 2006 ita ce mafi muni a tarihin wurin. A watan Maris wani ma'aikacin Lotte World ya faɗo daga Atlantis Adventure ya mutu, kuma bincike ya nuna ba a ɗaure shi da abin riƙe fasinja yadda ya kamata ba. Domin ba jama'a haƙuri, kamfanin ya sanar da shiga kyauta na wasu kwanaki. A ranar farko, 26 ga Maris, dubun-dubatar mutane, akasarinsu ɗalibai, suka cika hanyoyin ƙarƙashin ƙasa tun da asuba. Aka yi turereniya, mutum 35 suka ji rauni, aka soke shirin. Hanyar nan da ke kare baƙi daga ruwan sama ita ce ta zama tarko a ranar, domin ba ta da faɗin da za ta ɗauki irin wannan taro. A farkon 2007, bayan binciken lafiyar ginin ya gano matsaloli a rufi da wasu sassa, aka rufe wurin na kusan wata shida aka yi gyara, aka sake buɗewa a watan Yuli. A watan Agustan 2017 kuma na'urar Fly Venture ta tsaya cak da mutane kusan 70 a kanta, suka shafe kusan awa uku kafin 'yan kwana-kwana su sauko da su.

A rayuwar Koriyawa

Wurin ya fito a wasannin kwaikwayo da yawa na talabijin. Wanda aka fi tunawa shi ne Stairway to Heaven na tashar SBS da aka fara nunawa a 2003, wanda ya sa lilon dawakin nan ya zama wurin ɗaukar hoto ga masoya. Akwai kuma al'adar hayar kayan makaranta: matasa, har da waɗanda suka daɗe da gama sakandare da baƙi 'yan ƙasar waje, kan yi hayar yunifom a shagunan da ke kusa su yini da shi a ciki. A tsallaken titi akwai Lotte World Tower mai hawa 123 da tsayin mita 555, gini mafi tsawo a Koriya ta Kudu, wanda aka buɗe a 2017, da gidan kallon kifaye da aka buɗe a 2014. Kowanne da tikitinsa. A watan Maris na 2022 kamfanin ya buɗe wani wurin wasannin a Busan, amma shi a waje yake.

Makamantansa

Lotte World ba shi ne na farko a irinsa ba. A 1983 aka buɗe Fantasyland, wanda daga baya ya koma Galaxyland, a cikin babban kantin West Edmonton Mall na ƙasar Kanada. A 1992 aka buɗe Camp Snoopy a tsakiyar Mall of America da ke jihar Minnesota ta Amurka, wanda ya koma Nickelodeon Universe a 2008. Duka biyun a garuruwa masu tsananin sanyi suke. A yankin Gulf kuwa zafi ne ya kawo rufin: an buɗe Ferrari World a Abu Dhabi a 2010, IMG Worlds of Adventure a Dubai a 2016 mai faɗin kimanin murabba'in mita 140,000, sai Warner Bros. World Abu Dhabi a 2018 mai kimanin murabba'in mita 153,000, wanda Guinness ta tabbatar masa da kambin mafi girma a 2019. Waɗannan na Gulf an gina su ne a kan fili mai yalwa a wajen gari, galibi a shimfiɗe, kuma da mota ake zuwa. Lotte World ya bambanta da su wajen kasancewa a tsakiyar unguwa mai cunkoso, a kan tashar jirgi, da na'urorinsa jere wasu bisa wasu.